Takwarar Inna Tabita

Azare, 9 ga Fabrairu, 1953

Zuwa ga Innata Tabita, a asibitin kutare na mishan, kudu da Bauchi.

Inna, ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya idon, yaya ƙafar nan da ke damun ki? Ki gaishe mini da Rahila da matan ɗakin reno gaba ɗaya. Mu nan lafiya lau.

Bayan gaisuwa, Inna, ina da ciki, ya shiga wata na takwas. Tsoro ne ya hana ni gaya miki da wuri, don tun da muka rasa ɗanmu Ishaya ban ƙara yarda in yi murna da baki ba. Maƙwabciyarmu Fanna, wata dattijuwa Babarbariya, ta dubi zaman cikin ta ce mace ce. Ita kaɗai ke shigo mana gida.

In mace ce, sunanki nake so in sa mata. Ke kika ɗauke ni ina wata huɗu, ranar da uwata ta cika a ɗakin mata. Ke kika goya ni alhali ciwo ya cinye miki yatsu, da haƙori kike jan majanyi ki ɗaure. Ba ni da wani sunan da nake so in riƙa kira safe da yamma in ba naki ba.

Amma ba zan karɓe shi da ƙarya ba, shi ya sa zan faɗi abin da na shekara uku ina haɗiyewa. Ni da Baban Ishaya mun daina addu'a. Kwana biyu sanƙarau ya yi a jikin yaron nan, kwana biyu ina durƙushe ina roƙo da duk ayar da kika koya mini. Bayan an binne shi ma ban bari ba, na yi wata da watanni. Kada ki zaci fushi nake da Allah, Inna. Fushi sai da wanda yake nan. Sallama na yi ta yi a ƙofar ɗaki, har na gane babu kowa a ciki.

Shi kuwa ya riga ni. Kin san mijina Bubayero tun ranar da ya zo muku daga Katagum da tabo a kafaɗa, ɗan Musulmi. Kin ga warkewarsa, kin ga baftismarsa, ke kika tsaya mini a aurenmu. A shekarar sanƙarau shi ke raba magani a asibitin En'e na nan. Ya ce ya gani da idonsa, wanda ƙwaya ta kai gare shi da wuri ya tashi, wanda ba ta kai ba ya tafi, mai salla da mai sujada da wanda bai san ko ɗaya ba. Yanzu ba ya zuwa masallaci, ba ma zuwa majami'ar 'yan kudu da ke Sabon Gari. Mutanen gari suna ce mana 'yan mishan, 'yan kudu suna cewa mun koma Musulunci. Kowa na gaishe mu a hanya, ba mai zama.

Na kawo masa maganar sunan. Sai ya ce, "Kin manta ranar da masu haƙa kabari suka tambayi sunan yaron?" Ban manta ba. Da aka ce Ishaya suka dubi juna, suka ce wannan ba nasu ba ne. Ba su zage mu ba. Shi da wasu akawuna biyu 'yan kudu suka haƙa a bayan Sabon Gari, rana tsaka. Ya ce, "Suna ba namu ba ne, Lauratu, na yarinya ne, ita za ta yi yawo da shi a garin nan. Don me za mu aza mata addinin da mu kanmu muka sauke?" Na ce ba addini zan aza mata ba, Inna zan aza mata. Ya ce mutanen Azare ba su san Inna ba.

To ga shi na gaya miki. Kin yarda ki ba da sunanki ga ɗiyar mutanen da suka zama haka? Ko a takardar nan sau biyu hannuna ya rubuta "in Allah ya yarda" na goge. Baki ya saba.

Ki huta lafiya. Ni ce 'yarki,
Lauratu

*

Asibitin mishan, 24 ga Fabrairu, 1953

Zuwa ga 'yarmu Lauratu. Alheri da salama su tabbata gare ki da maigidanki.

Ni Malam Bitrus, mai wa'azi na nan, nake rubutawa a madadin uwarmu Tabita, gama idonta ya yi rauni ƙwarai bana. Ni ne kuma na karanta mata takardarki.

Da ta ji labarin cikin ta yi guɗa har matan ɗakin reno suka fito a guje. Ta ce ta yarda da sunan da zuciya ɗaya, ta ce ba ta taɓa zaton za ta yi takwara a duniya ba. Ta ce kada ki ɗauki tulu, kada ki yi daka, a samo mace mai hankali ta yi miki wankan jego, ki sha kunun kanwa ko ba kya so, don ta san halinki da shi. Ta sa an naɗe majanyin da ta goya ki da shi, yana tare da wannan takarda. Ta ce in kin yi arba'in ki kawo yarinya a miƙa ta ga Ubangiji a gaban ikilisiya. Rahila da sauran mata suna gaisuwa.

Abin da ke biye kuma daga gare ni ne. Tsakiyar takardarki ban karanta mata ba. Na tsallake daga maganar majanyi zuwa sallama. Tsohuwa ce, zuciyarta ba ta da ƙarfi, duk wanda ya zo wurin nan kuwa sai ta ba shi labarinki. Ban ga amfanin in karya ta da abin da nake sa rai zai wuce ba. Ni ma na binne 'ya'ya biyu, na san duhun da kike ciki. Amma ki sani, sunan nan ba ado ba ne. Duk inda yarinya ta faɗe shi, shaida ta bayar, ko ta sani ko ba ta sani ba. Ki dawo tukuna, sa'an nan ki ba ta shi. Ina ambaton ku kullum cikin addu'a.

Naki cikin hidimar Ubangiji,
Malam Bitrus

*

Katagum, 2 ga Rajab, 1372

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Takarda ta fito daga hannun Gidaɗo ɗan Malam Bappayo, zuwa ga ƙanensa Bubayero, malamin asibiti a Azare. Gaisuwa da aminci da tambayar lafiyarka da ta iyalinka.

Amma bayan haka, Babayo mai fataucin kanwa ya shaida mana iyalinka ta kusa sauka. Allah ya raba lafiya. Da na gaya wa mahaifiyarmu Dada, ta sa an fito da ita tsakar gida, abin da ta yi wata uku ba ta yi ba.

Ƙanena, shekara goma sha biyu ke nan ba mu zauna a tabarma ɗaya ba. Na san abin da muka yi maka sa'ad da ciwon ya fito. Mun yi maka bukka a bayan gari, muna ajiye maka abinci a ƙasa mu ja da baya. Ni na kafa bukkar da hannuna. Tsoro ne, ba ƙiyayya ba, amma na san a wurin wanda aka yi wa duk ɗaya ne. Ban zo maka ta'aziyyar ɗanka ba, wannan ma yana wuyana.

Ana ta kawo mini maganganu a kanka. Wasu su ce kana mishan har yanzu, wasu su ce ka fita, wasu su faɗi abin da ba zan rubuta ba. Ba na tambayar ka abin da ke zuciyarka, wannan tsakaninka da Mahaliccinka ne. Abu ɗaya nake roƙo. In namiji ne, a mai da sunan mahaifinmu. In mace ce, a sa sunan Dada, wanda ka sani. Zan zo da kaina da rago da goro, na kuma aika wa limamin unguwarku, ya amsa.

Ka yi tunani. Ni da kai ba za mu dawwama ba. Yarinya mai wannan suna tana da baffa, tana da gwaggo, tana da gidan da za ta shiga ba sallama. In ta girma za a nemi aurenta, in ta kwanta za a zo duba ta. Ka bar mata ƙofar nan a buɗe, ko da kai ba za ka shiga ba.

Dada ta ce a gaya maka tana so ta ji an kira sunanta a gidanka kafin ta kau.

Haza wassalam.
Yayanka, Gidaɗo

*

Azare, Laraba, 25 ga Maris, 1953

Zuwa ga 'yar'uwata Rahila, ma'aikaciyar jinya a ɗakin reno. Ina gaishe ki, ina gaishe da yara. Don zumuncin tasowarmu tare, ki ja Inna gefe inda ba kowa, ki karanta mata wannan daga farko har ƙarshe, kada ki tsallake ko kalma ɗaya.

Inna, ina gaishe ki. Na sauka jiya Talata da hantsi. Mace ce. Fanna ta karɓe ta, ba a sha wuya sosai ba. Doguwa ce kamar ubanta, ga gashi. Kafin in bari a wanke ta sai da na ƙirga yatsunta sau uku, hannu da ƙafa. Kin san duk wanda ya tashi inda na tashi haka zai yi. Cif suke.

Inna, yardar da kika ba ni ba ta cika ba, domin ba a karanta miki takardata duka ba. Abin da aka tsallake shi ne wannan. Ni da Baban Ishaya ba mu da bangaskiya yanzu, tun mutuwar yaron. Ba mu koma Musulunci ba, ba mu kuma tsaya inda kika bar mu ba. Ba za mu kai yarinyar nan gaban ikilisiya ba. Don ke nake son sunan, ke kaɗai.

Ga kuma wani abu ya shigo. Yayansa Malam Gidaɗo ya rubuto daga Katagum, yana roƙon a sa mata sunan tsohuwarsu, Asma'u. Takarda ce mai taushi, har gafara ya nema. Baban Ishaya ya karanta ta a tsaye, ya fita bayan gida, ya dawo ido jawur ya ce hayaƙi ne.

Tun da labari ya bazu cewa dangin maigida za su zo da rago, gidan nan ya canja. Jiya da yau mata sun fi goma sun shigo barka. Hauwa matar mai dukan ƙarfe, wadda shekara biyar muna raba danga ba ta taɓa leƙowa ba, ta kawo itacen wanka ta zauna ta riƙe yarinya tana yi mata wasa. Na ji daɗi, Inna. Kunya nake ji, amma na ji daɗi. Na manta yadda hayaniyar mata take a tsakar gida.

Da rana na ce da Baban Ishaya, "Ai Asma'un ma sunan addini ne. In ƙarya kake gudu, wannan ma ƙarya ce." Ya ce, "Ƙarya ce mai dangi." Na ce, "Tawa kuma mai uwa." Ba wanda ya kayar da wani. Sunan da ba na masallaci ba, ba na majami'a ba, mun neme shi mun rasa. Ko an ce Talatu, sai an tambayi na yanka.

Mun tsaya a kan haka. Abin da kika ce bayan kin ji gaskiya, shi za a yi. Maikuɗi direba zai kawo wannan, zai kuma biyo ta wurinku ran Lahadi ya iso nan Litinin. Suna ran Talata ne. In amsa ba ta zo ba, Baban Ishaya zai ce Asma'u, ni kuma na yarda ba zan ce komai ba.

Ki yafe mini ɓacin ran da na sa ki. 'Yarki,
Lauratu

*

Asibitin mishan, Lahadi, 29 ga Maris, 1953

Lauratu, ni ce. Ina gaishe ki, barka da arziki, barka da sauka lafiya. Rahila ke rubutawa, na ce ta rubuta yadda na faɗa ko ba daɗi.

Na ji. Na sa ta maimaita mini sau biyu. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba sabon labari kika ba ni ba. Takardar da kika aiko bayan mutuwar Ishaya, da wadda ta biyo ta, babu amin ko ɗaya a ciki. Na lura, na yi shiru, na ce ran da ta shirya za ta faɗa. Malam Bitrus kuwa na kira shi na ce idona ne ya mutu, kunnena yana nan. Ya ba ni haƙuri. Kada ki riƙe shi, da kyakkyawar niyya ya yi.

Rahila ta samo takardar farko, na ji maganar ɗakin da kika ce babu kowa a ciki. Ni shekara ashirin da biyar ina jin motsi a cikinsa. Ba zan yi gardama da ke ta takarda ba.

Maganar suna kuwa, kada ki sa.

Ki saurara. Ƙasar da kike zaune ƙasarmu ce. A wani ƙauye arewa da Bulkachuwa aka haife ni, Kellu aka raɗa mini. Ban taɓa gaya miki ba don ban ga abin da zai ƙara miki ba. Tabita ni na zaɓa da bakina, ina da shekara talatin, a bakin rafi ran baftismata, na san abin da nake yi. Da ciwon ya mutu na koma gida sau ɗaya. Ƙanwata Ya Gana ta ga hannuwana ba ta gudu ba, ta ba ni ruwa a ƙwaryarta. Da na gaya mata sunana na yanzu da dalilinsa, ta ce ita ba ta da yaya mai wannan suna. Kwana ɗaya na yi na juyo. Ban ƙara jin labarinta ba.

Ban yi da-na-sani ba, domin na san abin da na samu a madadi. Ina da ikilisiya, ina da wanda nake kira in abin ya yi nauyi. 'Yarki me za ki ba ta a madadi? Za ki aza mata kayan, ki hana ta gammo. Za a ƙi ta saboda abin da ba a ma koya mata ba, ta zo ta tambaye ki don me, ki ce don wata tsohuwar kuturwa da ba ta sani ba. Wannan bai isa ba, Lauratu. Ni ban kai haka ba.

Mijinki ya fi ki gaskiya a nan. Ki ba ta sunan kakarta, ki bar matan nan su ci gaba da shigowa. Na san zafin gida shiru, ba na so miki shi. In kuma dole sai kin tuna da ni, ki riƙa ce mata Kellu a ɗaka. A Azare ba wanda zai ɗaga kai don an kira Kellu.

Ki sha kunun. Ki gaishe da Bubayero, ki ce ina nan ina yi masa addu'a ko yana so ko ba ya so. Ubangiji ya raya.

Innarki,
Tabita

*

Azare, Alhamis, 2 ga Afrilu, 1953

Zuwa ga Innata, ta hannun Rahila. Ina gaishe ku duka. Ni da yarinya lafiya, cibiya ta faɗi.

Inna, Litinin ta zo ta wuce, Maikuɗi bai zo ba. Sau uku Baban Ishaya yana zuwa tasha. Na ce a raina, shirunki ma amsa ce, kin ji gaskiya kin janye. Ban ga laifinki ba.

Malam Gidaɗo ya iso ran Litinin da la'asar, da farin rago da ƙwaryar goro. Mutum ne mai kunya, ya tsaya a bakin ɗaki ya yi mini barka kansa a ƙasa. Na miƙa masa yarinya ta hannun Fanna, ya daɗe yana dubanta, ya ce, "Goshin Dada ne." Shi da ƙanensa suka ci tuwo a akushi ɗaya.

Talata da safe maza suka cika ƙofar gida. Ni ina ɗaka da mata, muna jiran maroƙi ya ɗaga murya. Muka ji an raba goro, muka ji an yi shiru don liman ya karɓi suna. Shirun ya yi tsawo. Hauwa ta ce, "Yau kuma lafiya?" Sai muka ji motsin takalma.

Abin da ya faru Baban Ishaya ya gaya mini daga baya. Liman ya kawo kunne, Baban Ishaya ya sunkuya ya ce, "Tabita." Liman ya ce, "Na'am?" Ya maimaita da ƙarfi yadda na kusa suka ji. Liman ya ce, "Malam, wannan suna ba mu san shi ba. Ko akwai wani?" Ya ce babu. Liman ya ajiye goronsa a kan tabarma ya ce, "To, Allah ya raya," ya tashi. Mutane suka bi shi ɗaya ɗaya. Ba zagi, ba hayaniya. Mata kuma kowacce ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Malam Gidaɗo bai tashi ba sai da kowa ya watse. Ya ce, "Abu ɗaya na roƙe ka." Ƙanen ya ce, "Na sani, Yaya." Ya ce, "Me zan ce da Dada?" Sai Malam Gidaɗo ya miƙe ya kwance ragon, ya kayar, ya yanka da hannunsa. Ya ce, "Ragon na yarinya ne, ita ba ta yi kome ba." Ya wanke hannu, ya ɗaura sirdi, ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Da Baban Ishaya ya shigo ɗaka na ce, "Ba haka muka yi da kai ba." Ya zauna a ƙasa ya ce, "Da Asma'u na buɗe baki." Na ce to me ya faru. Ya ce da ya ga an ɗaga hannuwa ana jiransa, sai ya ga abin da ke gaba. Yau suna, gobe ya tsaya a sahu don kada a ce, jibi ya koya wa yarinya abin da shi bai yarda da shi ba, har ran da za ta dube shi ta gane. Ya ce sai kuma ya tuna ranar da ya isa wurinku, wata bakwai ba wanda ya taɓa shi, kika jawo kwanonsa kika sa dungunki a ciki kika ce miyar ba gishiri. Ya ce, "In dai sai na ba da sunan wani, to na wadda ta ci da ni." Daga nan ya kifa kai a gwiwa, ya ce, "Na kashe tsohuwata, Lauratu." Ban san ko in gode masa ko in yi masa faɗa ba. Har yau ban sani ba.

Da yamma sai ga mutum huɗu daga Sabon Gari da matansu, labari ya kai musu. Suka shigo da murna, da waƙa, suna cewa ɗan'uwa ya yi shaida a gaban gari, ran Lahadi za su zo su ɗauke mu zuwa sujada. Dole na gaya musu ba haka ba ne. Suka dube ni kamar yadda Baban Ishaya ya ce liman ya dube shi. Na ba su cinya guda, suka karɓa don kunya.

Sauran naman ni da Fanna muka soya, ya cika tukunya biyu, ba mai ci. Tana zuwa wankan har yanzu, amma ta ce bakinta ba zai iya sunan ba, ita 'yar Lauratu za ta riƙa cewa. Hauwa ta aiko a karɓo mata faifanta da ta bari a nan.

Na sami abin da na roƙa, Inna. Ina kiran sunanki safe da yamma, ni kaɗai nake ji.

'Yarki,
Lauratu

Ƙari, Laraba, 8 ga wata. Ban sami wanda zan ba wannan ba sai yau da Maikuɗi ya iso. Motarsa ce ta karye a Misau, ya yi kwanaki yana jiran ƙarfe daga Kano, takardarki tana aljihunsa. Na karanta, na ba Baban Ishaya ya karanta. Ya naɗe ta ya riƙe. Shekara ashirin da huɗu ina kiran ki Inna, ban san ke Kellu ba ce. An riga an yanka rago, gari duka ya ji. Ki gaya mini yadda zan yi.

*

Asibitin mishan, 19 ga Afrilu, 1953

Lauratu, ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki.

Na ji. Yadda za ki yi ban sani ba, ni ma ban taɓa ganin irin wannan ba. Ki dai ce da Bubayero ya je Katagum ya durƙusa gaban tsohuwarsa, ko za a kore shi. Kada ya jira.

In kin yi arba'in ki kawo mini ita kafin ruwa ya ɓata hanya. Ba zan kai ta gaban ikilisiya a ɓoye ba, kada ki ji tsoro. Taɓa ta kawai nake so in yi.

Rahila ta ce ran Asabar motar Azare ke wucewa. Na sa a riƙa kai mini tabarma bakin hanya.

Ki sauka lafiya. Innarki,
Tabita